Kamalu da Baƙaƙen Tagogi

Shagona na ɗinki da shagon Kamaluddeen bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na falanki, don haka duk tsakin da ya yi a shekarun nan a kunnena ya yi shi. Muna layin shagunan Alhaji Nasiruddeen Maiturare ne a Hashimi. Ni Ghali nake ɗinka wa mutanen Suleja kayan biki, shi kuma ya ɗauke su bidiyo a cikin kayan ya buga musu a faifai. Tsakanina da shi, babu kalar son a sani da ba mu gani ba.

Kamalu ɗan gari ne. Mahaifinsa gyaran rediyo yake yi, shi kuma tun yana saurayi ya saɓi kyamarar nan mai cin kaset, mai nauyin tsiya. Har yau kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kullum sai na gyara yankan rigarsa saboda ita. Da kaset ya mutu ya koma faifai, ya tsaya a nan bai ƙara gaba ba. Abokan sana'arsa duk sun watse. Wasu sun bi masu asubancin Abuja suna tsufa a cunkoson Madalla, wasu sun koma tura wa mutane bidiyo ta waya. Kamalu ya ce shi ba zai ba mutum bikin 'yarsa a abin da jikansa zai goge da babban yatsa ba.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne shafin nan da ke fara fitowa in an saka faifai, wanda yara ke ce wa menu. Shi zaure yake ce masa. Yakan jera tagogi shida a ciki, kowace da ɗan guntun hoto mai motsi, in ya ƙare ya koma farko: nan ɗaurin aure, nan kamu, nan walima. An yi tagogin ne don mai kallo ya zaɓi inda zai shiga. To, a Suleja ba a shiga. Faifan ake sakawa a falo, a bar zauren yana ta juyawa tun hantsi har la'asar, baƙi na shigowa suna duba wa ya samu taga, wa aka bari a baya. Bidiyon kansa kuwa, ko ango ba ya kai ƙarshensa.

Shi ya sa kafin a buga faifai sai an yi abin da muke kira zaman taga. Dangi su turo wakilai su cika shagon, Kamalu ya kunna laftof ɗinsa, manhajar ta nuna musu yadda zauren zai fito tun kafin a buga. A irin wannan zaman na ga dattijo mai furfura yana huci don an ba ƙaninsa taga ta biyu, shi ta huɗu. Na ga hajiyar da ta sa aka sake aiki don mayafi ya rufe mata sarƙa. Sau ɗaya Kamalu ya nemi sauƙi, ya yi zaure biyu a biki ɗaya, na gidan ango daban, na gidan amarya daban. Wajen rabo faya-fayan suka cakuɗe. Sai da liman ya sa baki kafin auren ya tsaya da ƙafarsa. Tun ranar Kamalu ya rantse, biki ɗaya zaure ɗaya.

Bana gab da azumi, Alhaji Maiturare, mai shagunanmu, ya aurar da 'yarsa Umaima, wadda ta gama karatun jinya, aka kai ta Katsina. Alhaji turare yake kai wa ofisoshin Abuja, kuma ya yi imani cewa duk wanda ke da sakatariya a bakin ƙofa aboki ne. Bikin ya cika da manya, da wakilan manya, da wakilan wakilai. Har masu ɗaukar hoto ya ɗauko daga Abuja, samari da sababbin kyamarori da wani ɗan jirgi da ya wuni yana shawagi a kan rumfa yana firgita kajin unguwa. Su aka ba waje wurin baƙi. Kamalu kuwa aka ce ya shiga cikin gida wurin mata, tunda a gabansa Umaima ta yi rarrafe. Ya ji zafin abin, amma ya saɓi kyamararsa ya shiga.

Duk da haka aikin faifan gare shi ya dawo. Alhaji ya lura bidiyon waya ba a miƙa shi da hannu biyu a ofis, ba a kuma manna masa hoto a bango. Yana son ya haɗa faifan da kayan azumin da yake raba wa manya, sukari da dabino da kwalbar turare, don haka dole a gama kafin a ga wata. Tagogin ma da kansa ya raba su, bai gayyaci kowa zaman ba. Ta farko shi da wani Darakta daga Abuja suna musabaha. Ta biyu shi da wani famanan sakatare mai ritaya. Ta uku motocin da suka zo. Ta huɗu jawabinsa, ta biyar ci gaban jawabinsa. Ta shida shi da wani da ba a tabbatar da ko waye ba, amma ya zo da ɗan sanda.

Ranar da ya zo dubawa, ina jin su ta falanki. Kamalu ya loda hotunan 'yan Abuja, ya danna. Shiru ya yi yawa, sai na leƙa. Zauren ya fito da adonsa da rubutunsa na zinare, amma tagogin nan shida baƙi ƙirin, kamar an ɗauke wuta a cikinsu.

“Kamalu, ina Darakta?” in ji Alhaji.

“Yana ciki, ranka ya daɗe. Kwamfutar ce ta ƙi nuna shi.”

“Mutumin da ya baro Maitama ya zo har ƙofar gidana, kai ne za ka saka shi a duhu?”

Kamalu ya kashe ya kunna. Baƙi. Ya sake. Baƙi. Alhaji ya miƙe yana gyara hannun babbar riga, wadda ni na ɗinka.

“Ka san Blessing ta daɗe tana bina da maganar shagon nan, POS take son sakawa. Ni na ce a bar ka saboda mahaifinka. In aikin nan ya lalace, ka nemi inda za ka kai tarkacenka.”

Ya fita ya bar mana ƙamshi. Kamalu a shagon nan ya yi aure, a nan ya yi furfura. In aka fitar da shi, ba wanda zai ba mai faifai haya a zamanin nan, kuma shi kansa ya sani.

Daga ranar tsaki ya ninka. Ya cire manhajar ya sake sakawa. Ya share duk tarkacen da take tarawa a gefe. Ya cire hotunan 'yan Abuja, tagogi suka dawo. Ya mayar, suka mutu, har da waɗanda shi ya ɗauka da hannunsa. Ya ce bari ya buga ɗaya a makance ya gwada a tsohon injin kallonsa. A faifan tagogin suna motsi lafiya lau, sai dai tunda bai ga wurin da ya zaɓa ba, manhajar ta zaɓa masa. Taga ta farko Darakta ne yana sakace. Ta biyu ƙeyar famanan sakatare. A ta huɗu Alhaji yana ta bubbuga makirufo yana harare-harare. Na yi dariya har na soki yatsa da allura, Kamalu bai taya ni ba. Matuƙar bai ga hoton a allo ba, ba zai iya tsayar da taga a daidai musabaha ba.

Masu shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai shayin layinmu ya ce zafi ne, a ɗora laftof ɗin a kan ƙanƙara. Wani ya ce bakin waɗanda ba su samu taga ba ne ya kama aikin. Aka kira Ebuka mai gyaran kwamfuta, ya zo da jakarsa yana taunar cingam.

“Oga Kamal, wannan software naka e old pass my papa,” in ji shi. “Camera na Abuja sabo ne, yaren su ba ɗaya ba. Bari na sa maka kodek.”

Ya sa abin da ya kira kodek ɗin. Tagogin suka koma kore shar, Darakta ya bayyana rabi, daga gemu zuwa ciki. Muka yi kabbara. Kafin mu rufe baki suka koma baƙi. Ebuka ya ce a sayi sabuwar kwamfuta, ya kuma san mai sayarwa, ƙaninsa ne.

Ana cikin wannan Gwaggo Sailuba ta zo. Yayar Alhaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Chaza tana sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita ta riƙe Umaima tun rasuwar mahaifiyarta, ta goya ta, ta kai ta makaranta. Atamfar salla ta kawo mini, sannan ta leƙa wurin Kamalu. Duk Suleja ban san wanda ke kallon aikinsa kamar ta ba. Tana da talabijin mai ƙusumbi da injin faifai, amma rimot ɗin ya ɓata tun tuni, maɓalli ɗaya ta sani, wanda ke buɗe bakin injin. Don haka a duniyarta zauren shi ne faifan gaba ɗaya.

“Ɗan nan, a wace taga ka sa yarinyar?”

Kamalu ya sosa ƙeya. “Gwaggo, tana ciki sosai. In aka shiga, tana nan ko'ina.”

“Ni ba na shiga. Wace taga?”

Ya gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana kallon baƙaƙen tagogin nan a allo, kamar tana gane wani abu a ciki. Ni na sa baki na ce ai sai a buga mata nata daban, rantsuwa tana da kaffara.

“A'a, Ghali. Ba na son na tausayi. Wanda aka raba wa kowa nake so. Bikinta aka yi ko na ubanta?” Ta gyara lulluɓi. “Ɗakina ya yi mini girma tun da ta tafi. In ta kira a waya muryar kawai nake ji, idona ba ya ganin ƙananan hotunan nan.”

Ta tafi ta bar masa ƙuli-ƙuli a leda. Raina ya ɓaci ƙwarai, na huce a kan keken ɗinki.

Washegari da hantsi na ji ihu ta falanki. Na zata wuta ce ta ja shi. Ashe taurin kai ne ya biya. Ya zauna ya bi saitin manhajar layi-layi, yana taɓa kowane yana dawowa, har ya kai kan wani ɗan akwati mai alamar maki, wanda ke cewa a bar wa katin hoto na kwamfuta aikin nunawa. Katin nasa ya tsufa, ba ya iya ɗaukar hotunan sababbin kyamarori. Da ya cire makin, tagogi shida suka buɗe tarwai. Ya mayar, suka mutu. Ya cire, suka dawo. Abin da ya hana shi barci ke nan, bai kai ƙwayar gero ba.

Kafin azahar ya gama jera manya. Musabaha ta zauna daram, haƙoran Alhaji duk a waje. Shago ya tsira. Na ce masa ya kira Alhaji tun bai canja ra'ayi ba. Ya ce to, bari dai ya duba nasa hotunan na cikin gida ya daidaita su. Na koma ɗinki. La'asar ta yi ban ji ya kira kowa ba, ban kuma ji tsaki ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Can sai ga shi a ƙofata rungume da injin kallonsa.

“Ghali, ajiye mini wannan a ƙarƙashin yadikanka.”

“Lafiya?”

“Lafiya lau. Na mayar da makin.”

Na kalle shi, na gane abin da ya aikata. Na ce masa yana da iyali, na ce masa Blessing har ta fara auna ƙofarsa da ido. Ya ce ya sani. Ya ce shekara da shekaru yana yi wa mutanen da ba sa kallo aiki, ga mai kallo guda ɗaya ta zo da ƙafarta.

Alhaji ya dawo ana jibi azumi, motarsa cike da katan-katan na sukari. Tagogi baƙi kamar ranar farko. Kafin ya buɗe baki Kamalu ya ƙara murya. Ashe ya ɗora wa zauren sautin maroƙin bikin, daidai inda yake kwarara kirari: Alhaji Nasiruddeen Maiturare, mai ƙamshin da ya kai Abuja! In ya ƙare ya koma farko. Fuskar Alhaji ta fara saki. Sannan Kamalu ya miƙa masa kwalin faya-fayan, an riga an buga, kowanne da bango mai sheƙi, Alhaji da Darakta hannu cikin hannu.

“A faifan tagogin suna motsi, ranka ya daɗe. Na gani da idona.”

“To saka ɗaya a injinka mu gani.”

“Injin ba ya shago, Alhaji. Sai dai ko a gwada a gida.”

“Gidana? Wa ke ajiye wannan tarkacen yanzu? Talabijin ɗina a bango yake.” Ya juya faifan yana kallon kansa a bango. “In na ji ƙorafi ko guda daga Abuja, ka san sauran.”

Ina zaune ƙafata a kan injin, ina ta taka keke ba zare.

Azumin nan Kamalu ya rame fiye da kowa a layinmu. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe. Amma labarin da ke zuwa daga Abuja sai alheri. Famanan sakatare ya aiko da godiya. Darakta da kansa ya gaya wa Alhaji cewa shi da iyalinsa sun kalla har ƙarshe, kuma musabahar nan ta taga ta farko ta fi komai fitowa. Alhaji ya tsaya a ƙofar shagon ya maimaita mana wannan magana, yana ta jinjina kai. Ni dai na ce Allah ya ƙara wa Darakta lafiyar ido.

Ranar salla na kai wa Gwaggo Sailuba ɗinkinta Chaza. Na san an sauko idi, amma duk telan da ya ce maka bai taɓa kai kaya ranar salla ba, ka binciki sana'arsa. Na same ta a tabarma gaban talabijin, faifan da Alhaji ya aiko mata da shi cikin kayan azumi yana ciki. A lokacin ne ni ma na fara ganin zauren. Umaima ce a duk tagogin. Nan tana miƙa hannu ana zana mata lalle. Nan ƙawayenta sun sa ta dariya har ta kifa kai a cinyar wata. Nan Gwaggo tana ɗaura mata ɗankwali tana ture hannun mai kwalliya. Babu sauti ko kaɗan.

“Na sa an rage muryar,” in ji Gwaggo. “Wani ne ke ta ihu.”

Ban gama gaishe ta ba na ji ƙamshi, sannan sallama. Alhaji ne ya zo yi wa yayarsa barka da salla. Na miƙe zumbur. Na nemi hanyar fita, shi ne a ƙofar. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗago, idonsa ya sauka a kan talabijin. Na ga yana bin tagogin ɗaya bayan ɗaya yana neman Darakta. Ya duba bangon faifan da ke kan injin, ya sake duba allo. Jijiyar wuyansa ta tashi. A raina na ce shi ke nan, Blessing ta samu shago.

“Yaya, wannan faifan da na aiko ne?”

“Shi ne. Zauna mana, Nasiru, ka tare mini.”

Duk Suleja ita kaɗai ke kiransa haka. Ya zauna a bakin tabarma da shaddarsa mai sitaci. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Umaima ta sake kifa kai tana dariya.

“Wannan a ina ne?”

“A tsakar gidanka. Kana waje wurin manya.”

Alhaji ya matso kusa da talabijin. Idonsa ya gangara taga ta shida, ta can ƙasa. Umaima ce a bakin motar da za ta kai ta Katsina, an lulluɓe ta, mata na tura ta ta shiga. Ta sa ƙafa ɗaya, sai ta ɗaga mayafin ta waiwaya, tana duba ta kan mutane, hagu da dama. Hoton ya koma farko. Ta sake ɗaga mayafi, ta sake waiwayawa.

“Me ta manta?” in ji Alhaji.

“Kai take nema. An ce ka tafi raka Darakta mota.”

Na ajiye ɗinkin a gefen tabarma na sulale. Har na sa takalmi idonsa na kan taga ta shida. Tausayinsa ya kama ni, abin da ban taɓa zaton zai faru ba.

Na gaya wa Kamalu a daren... a'a, ban iya ba, sai da aka koma kasuwa bayan salla na gaya masa. Ya saurara, ya ce to, ya fara naɗe wayoyinsa yana sakawa a kwali. Yana cikin haka motar Alhaji ta tsaya. Ya fito shi kaɗai, ba direba, da 'yar jallabiya ko guga babu. Ya tsaya a ƙofa yana kallon kwalin, Kamalu na tsaye da waya a hannu.

“Ina za ka da kaya?”

“Na ce ko Blessing za ta so ta yi fenti, ranka ya daɗe.”

“Mayar da su.” Ya tsaya yana murza makullin mota. “Kamalu, injin nan na saka faifai, har yanzu ana samunsa a kasuwa?”

Kamalu ya juyo ya kalle ni ta ƙofa. Na sunkuya, na ɗaga yadikan mutane, na jawo injin, na kaɗe masa zare.